Hadda ce ko tunani? Fashin baƙi kan buɗe wasan dara na ces

Duk sa'ad da manyan 'yan wasan dara na ces suka zauna neman kambun duniya, akwai ƙorafin da ba ya rasa tasowa daga masu kallo. Za ka ga mutum biyu sun gaisa, an danna agogo, kafin ka gyara zama sun zuba taku 15 ko 20, babu wanda ya ko dafa kai. Sai mai kallo ya ce, to ina tunanin da ake ta zuzutawa? Ashe dai karatun aku ne, kowa ya zo da abin da kwamfuta ta biya masa a gida. Maganar ta sake tasowa a Disamban 2024, lokacin da Gukesh Dommaraju na Indiya ya karɓe kambun daga hannun Ding Liren na Sin a Singafo, yana ɗan shekara 18. Ta ƙara ƙarfi kuma ganin yadda Magnus Carlsen, wanda ya ajiye kambun da kansa ba tare da an kayar da shi ba, ya karkata ga wani salon wasa da ake hargitsa jerin 'ya'yan baya, wato su sarki da sarauniya da ke layin baya na allo, kafin a fara, don kada haddar kowa ta amfane shi.

To shin buɗe wasa hadda ce tsagwaronta? In kuwa haka ne, me mai nazari yake nema idan ya shimfiɗa wasan gwanaye a gabansa yana bin sa taku bayan taku? Ni dai a ganina hadda tana nan, kuma tana da yawa fiye da yadda masu ƙorafin ma suke zato. Amma ba ita ke cin wasa ba, kuma akwai wasa ɗaya da aka buga a 2004 da ya nuna hakan ƙarara.

Me ake nufi da buɗe wasa?

Allon ces yana da gida 64. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko d3. A rubutun da duniya ta amince da shi, K na nufin sarki, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki. Dakare ba shi da harafi, sunan gidan da ya taka kawai ake rubutawa. Alamar x na nufin an ci, alamar + na nufin an yi wa sarki barazana, O-O kuma shi ne takun da sarki ke shigewa lungu hasumiya ta fito ta tsare shi. Bayan lambar taku, na mai fararen 'ya'ya (Fari) ake fara rubutawa sannan na mai baƙaƙe (Baƙi), ɗigo uku bayan lamba kuma na nufin takun Baƙi ne.

Buɗe wasa shi ne kashin farko, kafin tsakiyar wasa da ƙarshensa. Buƙatunsa ba su da wuyar faɗa: ka kama tsakiyar allo, wato e4 da d4 da e5 da d5, ka fito da dawakai da bishof-bishof daga gidajensu, ka ɓoye sarki. Wahalar tana cikin yawan hanyoyi. Fari yana da taku 20 da zai iya farawa da su, Baƙi ma 20, ka ga hanya 400 ke nan tun ba a je ko'ina ba. Kowa ya taka sau biyu, sun zama 197,281. Kowa ya taka sau uku, sun haura miliyan 119. Babu ƙwaƙwalwar da za ta riƙe wannan, shi ya sa masana suka tace, suka ware hanyoyin da suka jure gwaji, suka raɗa musu sunaye. Daga birnin Belgired aka fito da tsarin da ya rarraba su gida 500, daga A00 zuwa E99, kuma har yau da shi ake aiki.

Abin da 'yan wasa ke kira "littafi" shi ne takun da aka riga aka buga, aka yi nazarinsu. Muddin ana cikin littafi, ba a fara wasa na gaskiya ba tukuna. Takun farko da wani ya kawo wanda ba a taɓa gani ba a wannan matsayi, shi ake kira sabon taku, kuma shi ne makamin da gwanaye ke ɓoyewa wata da watanni suna jiran abokin karawar da ya dace.

Yadda haddar ta yi ta tsawo

Ba yau aka fara ba. Buɗewar da ake kira Ruy Lopez ta samo sunanta daga wani limamin coci ɗan Sifaniya da ya yi rubutu a kanta a 1561. Abin da ya sauya shi ne sauri. Da, sai ka jira mujalla ta iso kafin ka san abin da aka buga a wata ƙasa. Yanzu wasa yana ƙarewa ya shiga rumbun adana wasanni a intanet, kowa ya gani. Bayan da kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a 1997, manhajoji suka yi ta ƙarfi har suka bar ɗan Adam nesa, kuma irin su Stockfish kyauta ake samunsu. Kowane gwani yana da mataimaka da aikinsu shi ne su kwana gaban kwamfuta suna tono masa hanyoyi.

Dalilin wannan wahala biyu ne. Na farko agogo, domin kowa yana da ƙayyadadden lokaci: wanda ya buga taku 20 cikin minti biyar ya tanadi lokacinsa don inda za a yi gumurzu, abokinsa kuwa ya ƙone awa guda yana laluben hanya. Na biyu shi ne jan abokin karawa zuwa filin da ba ya so. Misalin da ba a mantawa shi ne Landan a shekarar 2000. Vladimir Kramnik ya tono wata tsohuwar kariya mai suna Balin, inda ake musayar sarauniyoyi tun a taku na 8, wasan ya koma na haƙuri da jan ƙafa. Kasparov, wanda ƙarfinsa kai hari ne, ya yi ta dukan wannan bango sau huɗu bai fasa ba. Gasar ta ƙare bai ci wasa ko ɗaya ba, ya rasa kambunsa da maki 8½ da 6½. Wannan nasara ce ta shiri, babu musu. Sai dai shekara huɗu bayan nan, shi Kramnik ɗin ne shiri ya juya wa baya.

Harin Marshall: dakare ɗaya a madadin lokaci

Kafin mu shiga wasan, sai mun san buɗewar da aka yi a cikinsa. Ga takunta: 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bb5 a6 4.Ba4 Nf6 5.O-O Be7 6.Re1 b5 7.Bb3 O-O 8.c3 d5. Wannan taku na 8 na Baƙi shi ne Harin Marshall, da sunan Frank Marshall na Amurka, wanda ya jefa wa José Raúl Capablanca na Kuba shi a New York a 1918. Capablanca ya karɓi ƙalubalen, ya kare kansa a kan allo, ya ci wasan. Duk da haka dabarar ba ta mutu ba, an gyara ta, ta zama ɗaya daga cikin kariyoyin da Fari ya fi shakka.

Bayan 9.exd5 Nxd5 10.Nxe5 Nxe5 11.Rxe5 c6, Fari ya fi Baƙi da dakare ɗaya. Wanda ya haddace kawai zai ce an yi asara. Amma a duba allon da kyau. Dokin Fari da ke f3, wanda shi ne mai gadin sarki, ya tafi. A ɗaya ɓangaren kuma dokin b1 da bishof na c1 da hasumiyar a1 duk suna gida, ko motsi ba su yi ba. Baƙi kuwa hanyoyin bishof ɗinsa biyu a buɗe suke, da zarar bishof ya koma d6 sarauniyarsa tana da hanya zuwa h4. Ya sayar da dakare ne ya sayi lokaci, kuma duk dabarar tana kan abu ɗaya: a kai wa sarkin Fari hari kafin waɗancan ukun su farka. A riƙe wannan magana, domin ita ce za ta yanke hukunci a taku na 25.

Brissago, Oktoban 2004, wasa na 8

A garin Brissago na ƙasar Suwizalan, Kramnik yana kare kambunsa daga Peter Leko na Hungari. Kowa ya ci wasa ɗaya, maki sun yi daidai. A wasa na 8 Kramnik ne da Fari, ya bar Leko ya shiga Marshall, alamar cewa ya zo da shiri.

Aka ci gaba: 12.d4 Bd6 13.Re1 Qh4 14.g3 Qh3. Barazanar da aka yi wa h2 ta tilasta wa Fari tura dakaren g, kuma wannan ya bar fararen gidajen da ke kewaye da sarkinsa, f3 da g2 da h3, da rauni. Sai 15.Re4, hasumiya na son zuwa h4 ta kori sarauniya. Leko ya amsa da 15...g5, takun da sabon ɗan wasa zai ɗauka kyauta ce. Ba kyauta ba ce: in bishof ya ci g5, sarauniya ta koma f5 ta auna hasumiya da bishof a lokaci guda, dole ɗaya ya faɗi. Daga nan 16.Qf1 Qh5 17.Nd2 Bf5 18.f3 Nf6 19.Re1 Rae8 20.Rxe8 Rxe8 21.a4 Qg6 22.axb5 Bd3.

Duk wannan tafiya Kramnik yana bugawa da sauri, Leko kuwa yana ta nutsewa cikin tunani, agogonsa yana ci. Duk mai kallo ya san wanda ke cikin littafinsa da wanda ke lalube. A nan Kramnik zai iya mayar da sarauniya d1 a tashi canjaras ta hanyar maimaita taku. Bai yi haka ba. Ya buga 23.Qf2, Leko ya saka hasumiya a e2, sai Kramnik ya ba da sarauniyarsa: 24.Qxe2 Bxe2 25.bxa6.

A ido, dabarar tana da kyau ƙwarai. Fari ya rasa sarauniya, amma ya samu hasumiya, yana da dakaru 7 Baƙi yana da 4, kuma dakaren a6 saura taku biyu ya kai layin ƙarshe ya zama sabuwar sarauniya, ga hasumiya a bayansa tana tura shi. Idan Baƙi ya tsaya tare shi, sai ya ba da bishof guda. Kwamfutar da mataimakan Kramnik suka yi aiki da ita ta nuna Fari ne a gaba, kuma a nan aka tsayar da bincike. Da an bar ta ta ƙara zurfafa lissafi, da ta sauya magana.

Leko, da ɗan lokacin da ya rage masa, ya buga 25...Qd3. Bai ko kalli dakaren ba. Ga abin da ya gani: idan Fari ya tura 26.a7, sai Qe3+ 27.Kg2 Bxf3+ 28.Nxf3 Qe2+ 29.Kg1 Ng4. Fari ya samu sarauniyarsa da 30.a8=Q+, har da barazana ga sarki, amma sarkin Baƙi ya matsa g7 kawai, kuma sabuwar sarauniyar tana can nesa ba ta da abin da za ta yi. In ta ci c6, sai Qf2+, sarki ya shiga h1, Qf1+, doki ya tare a g1, dokin Baƙi ya sauka f2, an kama sarki. Kramnik ya tsaya ya yi dogon tunani, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ya gwada 26.Kf2 Bxf3 27.Nxf3 Ne4+ 28.Ke1 Nxc3 29.bxc3 Qxc3+ 30.Kf2 Qxa1 31.a7 h6 32.h4 g4, ya miƙa hannu ya amince an ci shi.

Yanzu a koma a duba abu ɗaya, wanda shi ne ya fi burge ni a wasan gaba ɗaya. Cikin taku 32, bishof na c1 bai motsa ba ko sau ɗaya. Hasumiyar a1 kuma a gidanta aka cinye ta. Dokin da ya fito d2 shi ne ya toshe wa bishof hanya, shi ya sa gidan e3 ya zama babu mai tsaro, sarauniyar Baƙi ta samu ƙofar shiga. Wato dalilin da ya sa aka ba da dakare a taku na 8 shi ne dai dalilin da ya sa 25...Qd3 ta yi aiki. Leko ya yi lissafi mai zurfi, haka ne, amma ya san inda zai nema, domin ya san abin da buɗewar take so tun farko. Wanda aka yi wa kwatancen hanya kwana bayan kwana yakan isa da wuri, amma ranar da ya tarar an toshe titi ɗaya sai ya tsaya cak, wanda ya san ta inda garin yake kuwa sai ya zaga.

Wannan nasara ta sa Leko gaba, kuma sai a wasa na 14, na ƙarshe, Kramnik ya rama. Aka tashi 7 da 7, ya tsira da kambunsa da ƙyar.

Masu ƙorafi da masu kare shiri

Masu cewa hadda ta ɓata wasan suna da hujja, kada a raina ta. A Landan a 2018, Carlsen da Fabiano Caruana sun buga wasa 12 na dogon lokaci, dukkansu canjaras, sai a wasannin sauri aka raba gardama. Marshall ɗin kansa an yi masa nazari har ya zama hanyar da Baƙi ke bi in yana neman canjaras, shi ya sa masu Fari da yawa suke kauce masa tun a taku na 8 da a4 ko h3. Haka Kasparov ya yi wa Nigel Short a 1993, haka Ian Nepomniachtchi ya yi wa Carlsen a Dubai a 2021. Akwai kuma batun adalci: mai kuɗin ɗaukar mataimaka da hayar manyan kwamfutoci ya fi wanda ba shi da su damar shiri.

Ɗaya ɓangaren suna cewa shiri ma fasaha ce. Kwamfuta tana ba ka taku mafi kyau, amma ba ta san wanda za ka kara da shi ba, ba ta san irin matsayin da ke sa shi gumi ba. Gwanayen yanzu sukan zaɓi taku na biyu ko na uku a jerin kwamfuta da gangan, domin sun san abokin karawa ya haddace amsar na farko.

Ni na fi karkata ga na biyun, kuma dalilina shi ne inda ake yanke manyan gasa. A Dubai, abin da ya karya Nepomniachtchi shi ne wasa na 6, mai taku 136, mafi tsawo a tarihin gasar kambun duniya. A Singafo, wasa na 14 yana tafiya canjaras, 'ya'ya kaɗan suka rage a allo, sai Ding ya buga 55.Rf2, ya bari aka yi musayar hasumiyoyi da bishof-bishof, ya faɗa ƙarshen wasa na dakaru da ba shi da mafita. Babu littafin da ya kai taku na 55. Gajiya ce da matsin lamba da agogo.

Me ya shafi mai wasa a waya?

Ya shafe shi sosai, domin shi ne ya fi faɗawa tarkon. Yana ganin gwanaye suna zuba taku 20, sai ya ɗauka sirrin ke nan, ya kwana yana haddar layuka. Washegari abokin karawarsa ya kauce daga littafi a taku na 5 da wani taku mara kyau, shi kuma ya rasa yadda zai hukunta shi, domin bai taɓa tambayar dalilin takun da ya haddace ba. Yawancin wasannin masu koyo ba a buɗewa ake rasa su ba, doki ne ake bari a ci a banza, ko a manta da barazanar da ke kan sarki.

Idan za ka yi nazarin wasa, naka ko na gwani, kada ka fara da kunna kwamfuta. Shafuka irin su Lichess da Chess.com suna da maɓallin da zai zayyana maka kurakuranka nan take, kuma daɗin hakan shi ne illarsa: ka ga amsa kafin ka yi tambaya. Fara bin wasan da idonka. Nemo wurin da littafi ya ƙare, ko a naka wasan, wurin da ka daina sanin abin da kake yi. A nan za ka tsaya ka tambayi kanka: wane ɗa ne nawa bai fito ba, ina raunin sarkina, wane dakare nake son turawa kuma don me? In wasan gwani ne, rufe takun da ke gaba ka yi hasashen naka, sannan ka buɗe. Inda kuka saɓa, nan darasin yake. In an rubuta lokacin da kowane taku ya ci, duba shi, domin inda gwani ya yi minti 30 yana tunani, akwai abin da ya gani wanda kai ba ka gani ba.

Bayan wannan ne kwamfuta take da amfani, kuma ko a nan sai da lura. Lambar da take nunawa, kamar +1.0, a al'ada tana nufin Fari ya fi da kimanin darajar dakare ɗaya. Bambancin +0.2 da +0.4 ba shi da wata ma'ana ga mai koyo. Abin dubawa shi ne inda lambar ta yi tsalle. Kuma idan ta ba ka takun da ba ka gane ba, kada ka rubuta shi ka wuce. Buga mata takun da kai kake tsoro, ka ga yadda za ta amsa, ka ci gaba har sai ka iya bayyana dalilin da bakinka. Manhajojin yau sun fi na 2004 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma za su ga 25...Qd3 cikin ƙiftawar ido, amma ranar wasa ba za su zauna kusa da kai ba.

Game da zaɓen buɗewa, ɗaya da Fari da biyu da Baƙi, wato amsar e4 da amsar d4, sun ishi mai koyo shekaru. Gara ka bi cikakkun wasanni goma na gwanayen da suka buga buɗewarka, daga farko har ƙarshe, da ka haddace rassa ɗari da suka tsaya a taku na 12.

Shin hargitsa jeri zai magance matsalar?

Bobby Fischer ne ya gabatar da wannan salo a Buenos Aires a 1996. Dakaru suna nan a layinsu, amma 'ya'yan baya ana jera su da ƙuri'a, bisa sharaɗi biyu: sarki ya kasance tsakanin hasumiyoyi, bishof ɗaya a farin gida ɗaya a baƙi. Wannan ya ba da jeri 960, kuma jerin da kowa ya sani ɗaya ne daga cikinsu. Carlsen da abokan tafiyarsa sun shirya jerin manyan gasa a wannan salo a 2025.

Yana rage hadda, babu shakka, har ka ga gwani ya yi minti 20 a kan taku na 3, ko ya shiga matsala kafin taku na 10. Ga mai kallon da ya ƙware, wannan abin sha'awa ne. Ga mai koyo kuwa yana da wuyar bi, domin babu sanannun siffofin da zai kama. Kuma ko a can nazari bai mutu ba. A waɗannan gasa akan bayyana jerin 'yan mintuna kafin a fara, sai ka ga masu riƙe Fari sun taru a allo ɗaya, masu Baƙi a wani, suna ta nuna gidaje da yatsa. Tambayoyin da suke yi su ne dai na kullum: wane dakare ne ba shi da mai tsaro a wannan jeri, wane bishof ne zai sha wahalar fitowa, kuma ta wane ɓangare sarki zai ɓuya.